Zaman Malam Lirwanu a Basse

Duk wanda ya yi sakandare a Gummi a 'yan shekarun baya ya san Malam Lirwanu mai kemistiri. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali, kullum da ragowar alli a aljihun gaba. Bai taɓa dukan yaro ba, ba a kuma taɓa jin ya yabi wani ba. In ka ci jarrabawa zai miƙo maka takardarka, in ka faɗi ma haka zai miƙo maka, da fuska guda. Ɗalibai kan ce ba a gane murnarsa, ba a gane fushinsa. Malaman da suka san asalinsa kuwa ba sa tanka wannan magana.

Mutumin Yargalma ne, can ƙasar Bukkuyum. Shi ne ɗan fari a ɗakinsu, don haka uwarsa, Inna, ba ta taɓa kama sunansa ba. Malami take ce masa tun yana goye, sunan ya bi shi har ya tabbata. Ya fara aiki da koyar da lissafi a firamaren garin, da damina kuma yana noma gonar da ubansa ya bari tare da ƙanensa Nafi'u. Ya auri Tasalla, 'yar bayan gidansu, suka haifi uku: Mujahid, sai Basira, sai Hafsa.

A wancan lokacin ba haka yake ba. Mutum ne mai surutu da barkwanci, shi ke hura usur in samarin gari za su buga ƙwallo, kuma daga bakin kasuwa ana jin dariyarsa.

Sai zinari ya bayyana a dajin yankin. Kowa ya shiga, har liman da mai unguwa. Ana haƙo duwatsu a kawo cikin gari, a farfasa, a kai injin niƙa ko mata su daka a turmi, sannan a wanke garin a tsinci abin da Allah ya ba mutum. Albashin firamare ba ya kai ƙarshen wata, shi ma Lirwanu ya riƙa ɗauko buhu a bayan babur yana saukewa a tsakar gida. Tasalla ta daka, ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma da kwanuka da gashin yara. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Ƙura dai ce, wa bai tashi cikin ƙura ba?

Da bazarar 2010 yara suka fara amai, suna sanƙarewa, suna jijjiga. Mujahid ya tafi ranar Talata, yana da shekara biyar. Basira ta bi shi kafin a yi sadakar bakwai. A unguwarsu kaɗai akwai ranar da aka je maƙabarta sau huɗu. Daga baya likitoci suka zo daga nesa, suka ɗebi jinin yara da ƙasar gidaje, suka ce dalma ce a cikin duwatsun, ita ke shiga jikin yara ta ƙurar. Aka ɗauki Tasalla da Hafsa, wadda ko yaye ba a yi mata ba, aka kwantar da su a Bukkuyum makonni. Shi kuwa yana tsaye a bakin zaure ma'aikata suka shigo da shebur, suka kankare ƙasar tsakar gidansa tas, suka ɗura a buhuna suka tafi da ita, suka kawo wata sabuwa suka baje.

Bai yi kuka ba. Mutane suka ce Malam akwai tawakkali. Shi dai abin da ya sani, tun daga ranar wani abu ya yi tsit a cikinsa, bai sake motsi ba.

Hafsa ta rayu, amma ciwon ya bar mata alama. Sai da ta shekara uku ta taka, magana ta zo a makare, in an koya mata harafi yau gobe ya gudu. Ba su sake samun haihuwa ba. Lirwanu ya koma karatu a Sakkwato, ya zaɓi kemistiri. Wasu suka ce so yake ya san abin da ya kashe masa 'ya'ya. Da aka tambaye shi, ya ce nan ne aka samu gurbi. Da ya gama aka tura shi sakandare a Gummi, ya kama haya ya kwaso Tasalla da Hafsa. Inna ta ce ita ba inda za ta, ta zauna a Yargalma wurin Nafi'u.

Haka aka yi ta tafiya har 'yan bindiga suka cika daji. A ƙarshen daminar 2021 aka rufe makarantu, aka yanke layin waya a jihar baki ɗaya. Lirwanu ya koma zaman ƙofar gida, daga safe har la'asar, yana kallon masu wucewa. A nan wani malami abokin aikinsa ya same shi da labarin wani shiri na aika malaman kimiyya zuwa wasu ƙasashen Afirka, shekara biyu. Ya matsa masa har suka hau mota zuwa Sakkwato, inda waya ke aiki, suka cike takardu. Lirwanu ya dawo ya manta da zancen. Bayan wata biyar sunaye suka fito. Na abokin bai fito ba, nasa ya fito, an rubuta Gambiya a gabansa. Sai da ya je ofishin malamai ya duba taswirar da ke bango kafin ya gano ta, 'yar siririya a bakin teku, yatsansa ya rufe ta.

Ya hau babur da hantsi, lokacin da ake cewa hanya ta fi dama, ya je ya gaya wa Inna. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ina na wurin ga da kac ce?" in ji ta.

"Gambiya, Inna. Can yamma, bakin teku."

"Ta hi Sakkwato nisa?"

"Ta hi. Sai an hau jirgi."

"Suna salla?"

"Suna yi."

"To mi ka tsaya tambaya ta, Malami? Tahi. Allah shi tsare."

Ya ce yana so kafin ya tafi ta koma Gummi wurin Tasalla, ko hankalinsa ya kwanta. Ba ta ɗago ba.

"Nan maigidana ya ke kwance, nan jikokina su ke. In na tashi, wa zan bar ma su?"

Ya zauna ya taya ta ɓarar gyaɗar har ƙwaryar ta cika, ya yi mata sallama.

Ranar tafiya Tasalla ta ninke masa kaya a jaka, ta sa barkono daka da kuka a leda. Ta tambaya sau ɗaya, "Malam, shekara biyu kac ce?" Ya ce biyu. Hafsa, wadda ta kai sha biyu a lokacin, ta riƙe hannun jakar ta raka shi har bakin titi.

"Baba, kasuwa za ka?"

"E, kasuwa."

Su ashirin da wani abu suka tashi daga Abuja. Da suka sauka Banjul, babban birnin ƙasar, aka kai su bakin teku su gani. 'Yan'uwan tafiyarsa suka cire takalma, suna ɗaukar hoto, suna kiran gida. Shi ya tsaya ya kalla. Ruwa ne mai yawa, ba a hango ƙarshensa. Ya jira ya ji wani abu, bai ji ba, ya koma mota ya zauna. Washegari wurin rabon makarantu kowa na roƙon a bar shi kusa da babban birni. Da aka zo kansa ya ce ko'ina aka ga dama. Aka rubuta masa Basse, can ƙuryar gabas, tafiyar yini guda a mota.

Abin da ya fara ba shi mamaki, in har mamaki ne, shi ne yadda garin bai zama baƙo a idonsa ba. Zafi irin na Gummi da bazara, itatuwan dogon yaro a bakin titi, kuka a bayan gari, jakuna na jan amalanke, ladan na kiran azahar. Kamar ya yi doguwar tafiya ya sauka inda ya baro, sai dai duk wanda ya buɗe baki ba ya jin abin da yake faɗa.

Shugaban makarantar, wani gajere mai fara'a da ake kira Mista Sise, shi ya tarbe shi a tasha, ya kai shi gidan da aka kama masa ɗaki. Mai gidan wani tsohon Bafillace ne mai fataucin shanu, Alhaji Samba Jallo. Ba ya jin Turanci, balle Hausa. Ya miƙo hannu yana jero gaisuwa da harshensu, sai Lirwanu ya tsinci kalma guda da ya sani, jam, wato lafiya. Bakinsa ya amsa kafin ya yi tunani. Yana yaro akwai rugar Fulani a bayan gonarsu, ya yi kiwo da wasa da 'ya'yansu, ya kwashi abin da ya kwasa. Rugar ta daɗe da tashi, bai san inda mutanenta suka nufa ba, ko suna raye. Amma kalmomin suna nan ashe.

Tsohon ya riƙe hannunsa bai saki ba. Ya nuna saniya a ɗaure, Lirwanu ya faɗi sunanta da Fillanci. Ya nuna randa, ya faɗi sunan ruwa. Ya sa aka kawo ƙwaryar nono, ya faɗa. Alhaji ya kira matarsa Kumba da duk mutanen gidan su zo su ga baƙon da ya fito daga ƙarshen duniya da harshensu a bakinsa. Suna ta dariya suna tafa hannu. Lirwanu yana tsaye da jakarsa yana kallon murnarsu, kamar wanda ya biyo ta ƙofar gidan da ake suna.

Ɗakin na da gado, da tebur, da fanka mai ƙara. Ya ajiye jakar a kusurwa. Wata uku daga cikinta yake ciro kaya yana mayarwa, bai rataye ko riga ɗaya a ƙusa ba.

Abinci a gidan shinkafa ce kullum, da miyar gyaɗa ko kifi, a babban kwano guda, maza su kewaye shi. Bayan an ci a dafa shayi a 'yar buta, a sha sau uku a ƙananan kofuna, ana hira har inuwa ta juya. Yana zama da su, yana cin abin da ke gabansa. Kumba kan leƙo ta yi masa alama da hannu, ko ya yi daɗi? Ya gyaɗa kai. Ba ƙarya yake yi ba, ba gaskiya ba kuma. Ya daɗe rabon da ya bambance abinci mai daɗi da marar daɗi. Barkonon Tasalla da kukarta ya miƙa wa Kumba ranar da ya tuna da su.

A makaranta aka ba shi manyan azuzuwa biyu. Makon farko yara suka yi ta dariyar Turancinsa, in ya faɗi kalma su maimaita ta a ƙasa-ƙasa yadda ya faɗa. Ya bar su su gama, ya juya ya rubuta ta a allo, ya ci gaba. Da suka ga dariyar ba ta samun wurin zama, suka gaji suka bari. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar ya daɗe a kulle. Wata Asabar ya karɓi mabuɗi, ya share, ya wanke kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa kowace suna, ya zubar da abin da ya lalace a rami mai zurfi nesa da rijiya. Mista Sise ya zo ya gani ya yi ta godiya. Lirwanu ya ce ba komai, zaman ɗaki ne ya ishe shi.

A wata na uku ne abin babura ya faru. Ranar Laraba ce, wajen sha ɗaya na safe, yana rubutu a allo, sai ya ji su daga nesa. Ba ɗaya ba, ba biyar ba, tuli guda suna tahowa tare. Bai san lokacin da ya jefar da allin ba. Ya tura ƙofa ya rufe, ya jawo teburin malami ya tokare ta, ya juya ga yara yana cewa da Hausa su kwanta, su kwanta ƙasa, kada wanda ya leƙa taga. Yara arba'in da wani abu suna zaune suna kallonsa. Baburan suka iso, suka wuce ta bakin katanga da hon da kiɗa da tuta. Samarin unguwa ne suka ciwo kofin ƙwallo, suke zaga gari da shi.

Wasu yaran suka fara dariya, sai suka ga ba wasa yake yi ba, dariyar ta mutu. Ya janye teburin ya mayar inda yake, ya buɗe ƙofa, ya tsinci allin a ƙasa, ya ci gaba daga inda lissafin ya tsaya.

Da aka tashi Mista Sise ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambaye shi a hankali me ya faru.

"A wajenmu in aka ji babura da yawa haka, ba biki ba ne," in ji Lirwanu. "Na manta inda nake. A yi haƙuri."

"Ko za ka huta kwana biyu?"

"A'a. Gobe ina da aji da safe."

Daga ranar yaran suka canza masa. Ba mai surutu in ya shigo. Wani lokaci ya tarar da mangwaro biyu ko uku a kan tebur, ba a san wanda ya ajiye ba. Ya kan zuba su a jaka ya kai wa Kumba.

Da karatu ya kai kan ƙarafa, ranar dalma ta zo kamar kowace rana. Ya rubuta sunanta da alamarta, ya jero halayenta: tana da nauyi, tana da taushi, ana sa ta a batirin mota, guba ce in ta shiga jiki. Wata yarinya mai yawan tambaya, Isatu, ta ɗaga hannu.

"Malam, da gaske tana kisa, ko a littafi ne kawai?"

"Tana kisa. Ta fi kama ƙananan yara."

"Ta yaya za ta shiga jikin yaro? Ai ba ci ake yi ba."

Ya yi mata bayani. Dutse ne ake dakawa, ya zama gari, garin ya zama ƙura, ƙurar ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe. Yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Sai an ga ya fara amai. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar yadda ya yi bayanin tagulla jiya.

"Ka taɓa gani?" in ji Isatu.

"Na gani."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya ce su kwafe abin da ke allo kafin a goge. Ya fita ya je famfo ya wanke hannunsa da sabulu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar yadda yake yi kullum kafin ya taɓa wani abu, shekara goma sha biyu ke nan.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira Tasalla. Hirar ba ta da tsawo. Ya gida, lahiya. Ya jikin Hafsa, da sauƙi. Ya labarin Inna, sun ce tana nan. Sai a miƙa wa Hafsa, ta yi ta numfashi a cikin wayar, can ta ce, "Baba, ba ka dawo ba?" Ya ce ya kusa.

Da damina ta yi tsakiya labari ya sauya. Hare-hare suka matso ƙauyukan da ke kewaye, mutane suka fara kwashe iyali. Nafi'u ya ɗora Inna a babur, ya ɗaure ta a bayansa da zane don kada ta faɗi, ya kawo ta Gummi tana faɗa masa maganganu har suka iso. Tasalla ta ba ta ɗakinta. Inna ba ta yi wata biyu ba. Ba wani ciwo da za a nuna, abinci ne ta rage, ta rage, tana zaune tana kallon ƙofa. In Lirwanu ya kira aka kara mata waya a kunne, abin da take cewa bai wuce, "Malami, kana cin abinci?" ba.

Ranar wata Litinin, ana hutun tara, wayarsa ta yi ƙara a ofishin malamai. Nafi'u ne.

"Yaya, kana jina?"

"Ina jin ka."

"Inna ta cika. Ɗazu da hantsi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"An yi mata wanka. Ta so a maishe ta Yargalma, amma ka san hanya."

"Ku sa ta nan Gummi."

"To, Yaya. Sai haƙuri."

"Allah shi jiƙan ta."

Ya mayar da wayar aljihu. Malamin da ke kusa da shi yana cin burodi, ya miƙo masa, ya ce ya ƙoshi. Aka kaɗa ƙararrawa, ya ɗauki alli ya shiga aji, ya yi darasinsa na minti arba'in, har da aikin gida. Ya koma masauki, ya zauna da su Alhaji aka ci shinkafa, aka sha shayi. Bai gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa yake yi ba, bai dai ga ta inda zai fara ba, kuma da wane harshe.

Rana ta uku ya so ya yi sadaka, ya je wurin Alhaji yana haɗa kalmomi yana tambayar inda ake sayar da gero. Tsohon ya tambaye shi na mene ne. Lirwanu ya lalubo kalmar mutuwa a Fillancin yarintarsa, ya haɗa ta da Inna. Alhaji ya ajiye butar da ke hannunsa. Ya ɗaga yatsu yana tambayar yaushe. Lirwanu ya nuna uku.

Tsohon ya aika aka kira Mista Sise, ya yi magana mai tsawo, murya ƙasa-ƙasa, bai kalli Lirwanu ba. Mista Sise ya juyo ya fassara.

"Ya ce a gidansa uwar mutum ta rasu, mutumin ya sa hannu a kwano ɗaya da shi kwana uku bai faɗa ba. Ya ce bai san laifin da ya yi maka ba."

Lirwanu ya ce a ba shi haƙuri. Alhaji ya tashi ya shiga cikin gida. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har bakin hanya. Liman ya zo da mutanensa, mahauta da 'yan kasuwar shanu suka zo, malamai suka zo, ɗalibai suka jeru suna shigowa biyar biyar. Kumba da maƙwabtanta suka ɗora manyan tukwane. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Yargalma ba suka zauna suka yi wa Inna addu'a, suna tambayar sunanta don su faɗa daidai. Aka zaunar da Lirwanu a tsakiya. Yana miƙa hannu, yana cewa amin. Ya yi zaton kukan zai zo a nan, ya ma ba shi hanya. Har aka shafa fatiha aka watse, abin da ya ji kawai ƙafarsa ta dama ce ta yi sanyi don zama.

Shekara biyu suka cika. Ɗalibansa suka ci jarrabawar fita fiye da yadda makarantar ta saba gani. Sauran malaman da suka zo tare suna ta sayen tsaraba. Mista Sise ya same shi ya ce hukumar makarantar na so ya zauna, su za su ɗauke shi da kansu, in ya yarda ya je ya zo da iyalinsa. Lirwanu ya ce zai je gida tukuna.

Ya tarar da Gummi ta cika ta batse da mutanen ƙauye, kowane zaure da kango akwai iyali a ciki. Waɗanda ya sani suna gaishe shi kamar baƙo, suna cewa ya yi haske. Hafsa ta yi tsawo, ta ɓuya a bayan uwarta yini guda kafin ta yarda ta zo kusa. Nafi'u ya kai shi maƙabarta. Ruwan damina biyu ya baje kaburburan, sababbi kuma sun ƙaru, Nafi'u ya tsaya tsakanin guda biyu yana duba wannan yana duba wancan.

"Ɗaya daga cikin waɗanga na, Yaya. Wallahi na sa alama, an ɗauke."

Lirwanu ya tsuguna a tsakaninsu ya yi wa duka biyun addu'a. Yargalma kuwa ba a kai ga zuwa ba, kowa ya ce kada ya fara.

Sai da ya kwana shida sannan ya gaya wa Tasalla maganar Mista Sise. Tana tankaɗe a tsakar gida da yamma. Ta ji shi har ya gama, ba ta tsaya da aikinta ba.

"Kai mi ka gani?" ta ce.

"Ni duk ɗaya na gare ni."

"Na sani. Shekara goma sha huɗu komi ɗaya na gare ka." Ta buga rariyar a gefen ƙwarya. "Malam, kai ka kawo duwatsun, ni na daka su. Da hannuna. In tambaya ta a gaban Allah, mu biyu za a yi ma. Ban taɓa ganin ka kalle ni da abin ba, ni ma ban kalle ka da shi ba. To ka bar zama da shi kai ɗaya awa naka na."

Tun da abin ya faru ba su taɓa ambatarsa a tsakaninsu ba sai ranar. Lirwanu ya kalli garin da ke zuba daga rariya. Ya nemi abin da zai ce, ya samu kalma guda.

"To."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Can ɗin, mutum na zuwa gona shi dawo?"

"Shina dawowa."

"To mu tai."

Yanzu suna Basse su uku. Alhaji ya ba su ɗaki biyu a can ƙarshen gidan, ya sa aka ja musu zana. Tasalla da Kumba ba su da harshe guda, amma tare suke zuwa kasuwa, kuma an ce in suna ciniki ba mai iya musu. Hafsa ta maƙale wa 'yan maruƙan Alhaji, ita ke ba su dusa da ruwa, ta san kowanne, tana kiransu da kalmomin da ta tsinta a bakin matan gidan. Makaranta dai ba ta yiwu ba, an gwada an bari.

Shi kuwa Malam Lirwanu yana nan yadda aka san shi. Ya sayi keke. Yana fita bakwai da rabi, ya dawo bayan azahar, ya miƙa takardun jarrabawa da fuskar nan guda. Fillancinsa ya ƙaru har yana bin hirar shayi, ko da yake ba ya sa baki sai an tambaye shi. In Nafi'u ya kira ya ce yaushe za su dawo, yakan ce sai an ga hali.

Da daminar bana Alhaji ya kai shi bayan gari ya nuna masa wani ɗan fili a gefen nasa, ya ce ya yi abin da ya ga dama da shi. Lirwanu ya ari fartanya, ya shuka gero ranakun Asabar da Lahadi. Ya makara da shukar, wurin kuma kwari ne, ruwa ya kwanta a kai. Geron ya tashi rawaya, ya yi zangarniya 'yan ƙanana, tsuntsaye suka cinye rabi. Abin da ya yanko bai cika dami biyu ba. Alhaji ya zo ya duba, ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannunsa, ya hure, ya ce laifin ba na manomi ba ne, wurin ne ba na gero ba, shinkafa yake so.

Lirwanu ya ɗaure damin a bayan keke. Ya ce bai taɓa noman shinkafa ba, amma baɗi in da rai sai a nuna masa.